Ranar da Teku Ya Amsa Cigiya

Can Kurmi, inda ƙasa ta ƙare ruwan gishiri ya fara, akwai wani zango na Hausawa da ake kira Zangon Kwakwa. Kakannin mutanen wurin fatake ne da suka bi goro har hanya ta ƙare musu, suka duba gaba ba tudu, suka ce to, nan Allah ya nufa. A cikin zangon nan aka yi wani mutum wai shi Nomau. Sunan kawai ya ci, don tun da aka haife shi bai taɓa riƙe fartanya ba. Gonarsa bakin teku ce, kakarsa kuwa duk ranar da hadari ya wuce.

In ya ga iska ta juyo daga kudu, tsuntsayen ruwa sun gudo tudu, sai ka ga yana murmushi yana gyara burgamensa. Yakan ce teku kamar attajiri ne marowaci, sai ransa ya ɓaci yake kyauta. Da gari ya lafa sai ya bi gaɓa yana tsintar abin da ruwa ya amayo, wuri ne, tsakiya ce, ƙusar jirgi ta tagulla, kwalba mai dogon wuya, ya kai wa dillalan kayan da.

To, Nomau mai tsoron Allah ne daidai gwargwado. Ya san tsintuwa ba ta halatta sai an yi mata cigiya, kuma bai taɓa tsallake wannan ba. Sai dai ga yadda yake tasa. Zai juya wa gari baya, ya fuskanci teku, ya rage murya kamar mai gudun tada jariri, ya ce, "Wa ya yar? Wa ya yar? Ba mai shi? To, Allah ya ba ni." Sai ya jefa a burgame. Shekara da shekaru yana haka, teku bai taɓa cewa uffan ba.

Wata damina aka yi guguwar da tsofaffi suka ce ba su taɓa ganin irinta ba. Da ta wuce, sai ga shi ta kwashe yashin gaɓa ta tone wani kufai da ba wanda ya san da shi, ga tushen ganuwa, ga bakin rijiyoyi, ga tsingaro mai zane ko'ina. Nomau ya riga kowa isa. Can ƙarshen kufan, inda ruwa ya janye, ya hangi wani abu yana sheƙi. Girmansa kamar kabewa, kore shar kamar kwalba, gefe ɗaya baƙi ƙirin. Ya taɓa, ya ji ɗumi kamar ƙwan da kaza ta tashi a kai yanzu. Ya ja, abu ya ƙi. Ya zaro wuƙa ya haƙa kewayensa, ya sa gwiwa ya banƙaro shi. Yana fitowa ya ji wata ƙara daga can tsakiyar teku, gurum, kamar an ture wani abu mai nauyi. Ya waiga bai ga kome ba. Don zumuɗi ranar ko raɗar cigiyar bai yi ba.

Matarsa Marka, mai suyar kifi, tana fama da ciwon ƙafa, daga ɗaki sai bakin murhu take iya zuwa. Ta karɓi abin ta juya shi, ta kai hanci.

"Malam, wannan abu warin hayaƙi yake."

"Abin da ya fito daga ruwa? Ke dai hancinki ne ya auri murhu."

"To duba hannuna." Tafinta ya yi baƙi.

"Tsufa ne. Kawo nan, kada ki rage masa daraja."

Ya kai wa maƙeri. Maƙeri ya ɗan buga masa guduma, bakin guduma ya ɓantare, ya ce wannan dai ba ƙarfe ba ne, a fitar masa da shi daga maƙera. Ya kai wa liman. Liman ya ce wataƙila dutsen aradu ne, wataƙila kuma ba shi ba ne, sannan ya tambaya ko an yi cigiya. Nomau ya ce ana kan yi.

A lokacin wata Malama Zulai ta zo daga gidan adana kayan tarihi, ita da ma'aikatanta, suna tonon kufan nan a hankali da 'yan cokulan gini da burushi. Nomau ya kai mata. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Baba, ban san shi ba, kuma ba zan yi maka ƙarya ba. Da ka bar shi inda yake, da makwancinsa ya gaya mana ko mene ne. Abu a wurinsa yake magana. Ka dai yi mini alkawari kada ka kankare baƙin nan. A ina ka ciro shi?"

Nomau ya nuna mata wani wuri dabam. Wane mai tsintuwa ke nuna gonarsa?

Abin da ya ɗaure wa kowa kai shi ne, tun ranar nan teku ya daina janyewa. Zai cika yadda ya saba, amma maimakon ya koma sai ya tsaya, gobe ya ɗora daga nan. Ba iska, ba hadari, sama tas. Kuma daidai Zangon Kwakwa kawai, garuruwan gabas da yamma lafiya lau. Masunta da suka gaji sanin ruwa kaka da kakanni suka tsaya suna kallon juna. Ruwa ya cinye kwakwar bakin gaɓa, ya cinye rumfunan bandar kifi, ya hau dakalin masallaci. Mutane suka fara ɗaure kaya suna yin tudu.

Marka ta ce, "Ni ina za ni da wannan ƙafa? A ɗakin nan aka kawo ni, a nan za a same ni. Kai dai ka je ka yi wa abin nan cigiya. Tun da ya shigo gidan nan ruwa ke bin sawunsa."

Da hantsi Nomau ya rataya burgame, ya shiga ruwa iyaka idon sawu, ya juya wa gari baya yadda ya saba, ya yi raɗa, "Wa ya yar? Wa ya yar? Ba mai..."

"An ji," in ji wata murya.

Sai ruwan gabansa ya ɗaga kamar an yaye tabarmar ƙofa. Wata ƙaguwa ta fito, girmanta kamar jaki, wuyanta da jerin wuri, tana riƙe da sanda a ɗan yatsa guda.

"Aminci gare ka, ɗan Adam. Kai ne mai cigiya?"

Nomau ya ja da baya. "Ranki ya daɗe, ai... al'ada ce kawai. Ba da kowa nake ba."

"Wanda ya yi kira ba ya zaɓen mai amsawa. Ni ce mai shelar ƙasan ruwa. Masu da'awar kayanka suna jira. Ka ji sharaɗi tun daga nan. In ka danƙa shi a hannun mai shi, ruwa zai koma inda ya fito. In ka ba wanda ba nasa ba, ba a karɓowa, ruwa kuma ba zai tsaya ba sai ya shafe zangonku." Ta miƙo masa wani ɗan kasko da ruwa a ciki. "Riƙe wannan, ka riƙa duba gida."

Ya leƙa. Sai ga tsakar gidansa a ciki, ruwa ya shigo ta zaure, Marka na jan turmi tana ƙoƙarin hawa. Nan take ya bi ƙaguwa.

Ƙasar da suka shiga ba ta da sama sai ruwa, kifaye na yawo a bisa kamar shaho. Nomau ya miƙe zai yi sauri, sai ya ga yana komawa baya. Ƙaguwa ta ce, "A nan wanda ya miƙe sosai ba ya isa. Yi gefe-gefe." Haka dattijo da gemunsa ya kama tafiya a karkace. Kuma kome na ƙasar a karkace yake, duwatsu, itatuwa, har inuwa, duk sun jirkice gefe ɗaya, ƙananan abubuwa na ta gangarawa can. Ya tambayi dalili, ƙaguwa ta ce su ma kwanan nan suka tashi suka ga haka.

Suka ratsa wata kasuwa inda aka baza duk abin da teku ya taɓa haɗiya, takalma wari-wari, huluna, tulunan da ba a taɓa shan ruwansu ba, ba mai saye ba mai sayarwa. Hannun Nomau ya fara ƙaiƙayi. Ƙaguwa ta ɗan buga masa sanda a wuyan hannu, suka wuce.

Suka isa wani kogo, ga gizagizai baƙaƙe an ɗaure su a turaku kamar shanu, suna gurnani. A tsakiyarsu wani ƙato na zaune, gemunsa na zubar da ruwan sama.

"Faɗi ka yi gaisuwa," in ji ƙaguwa. "Sarkin Hadari ke nan."

Nomau ya faɗi. Sarki ya yi magana, haƙoran Nomau suka kaɗa. "Ɗan Adam, dutsen majajjawata ne a burgamenka. Na jefi wani jirgi da shi ya wuce gaɓa. Miƙo."

Nan fa sana'a ta motsa. Nomau ya rungume burgame ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Ai ka fi ni sanin ƙa'ida. Mai cigiya ɓoyewa yake, mai kaya shi ke faɗin kama."

"Kore ne."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"Yana sheƙi."

"Ba shakka."

"Sanyinsa kamar ƙanƙara, don daga hannuna ya fito."

Abin kuwa na nan yana gasa wa Nomau haƙarƙari da ɗumi. Ya sunkuyar da kai. "Allah ya bayyana wa Sarki nasa. Wannan ba shi ba ne."

Sarkin Hadari ya miƙe ya tsinke igiyoyin gizagizai gaba ɗaya. Walƙiya ta tsaga kogon. Ƙaguwa ta fizgi Nomau ta cusa shi ƙarƙashin ƙoƙon bayanta, ta zura a guje gefe-gefe, aradu na faɗuwa a kanta kamar ana dukan kwano. Da suka tsira ya shafa fuska, ya ji rabin gemu ya tafi. Ya duba kasko. Marka na kan turmi, ruwa ya kai mata ƙwauri, ta ɗora tukunyar tuwo a ka.

Suka gangara wani kwari, ga wani tsohon jirgin ruwa kwance a kan haƙarƙarinsa. Mutanensa na ta jan igiya har yanzu, fuskokinsu kamar takardar da ta jiƙe, ba wanda ya gaya musu sun nutse. Matuƙin ya fito da doguwar riga mai maɓallan tagulla, ya yi murmushi, ƙananan kifaye suka fito ta bakinsa.

"Maraba da amintaccen mutum. Fitilar jirgina ce ka tsinta. Tun da ta faɗi muke ja ba mu ga hanya ba. Kore ce, tana sheƙi, tana da ɗumi."

Nomau ya lissafa a ransa. Duk kamannin sun dace.

"Saura kama ɗaya, ranka ya daɗe."

"Tukuicinka ya fi kama," in ji matuƙi. Ya tura murfin wani akwati da ƙafa. Zinariya ce, sarƙa da awarwaro da zobba, irin abin da Nomau ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin gaɓa yana mafarki. Wallahi hannunsa da kansa ya shiga burgame. Ya kama abin, ya fara jawowa, sai ya ga yatsunsa sun yi baƙi. Ya tsaya. Ya tuna Malama Zulai da alkawarin da ta sa shi.

"Jikinta fa? Akwai tabo?"

"Fitilata? Kullum sai an goge ta. Tas take ko'ina."

Nomau ya dubi akwati, ya dubi kasko, ruwa ya kai wa Marka ƙugu. Ya mayar da hannu. "Allah ya haɗa ka da taka."

Murmushin matuƙi ya zube. Igiyoyin jirgin suka saki hannun masu ja, suka zama macizan ruwa, suka yo kansa. Ɗaya ta naɗe masa ƙafa, ƙaguwa ta datse ta, suka faɗa wani rami, suka yi ta mirginawa har suka tsaya a wani fili fetal, ba kowa.

Nomau ya zauna yana haki. "Sai wa kuma?"

"Shi ke nan," in ji ƙaguwa. "Su biyu suka ji cigiyarka."

"Su biyu? To mai kayan fa? Ni fa na rasa gane kan ƙasar nan. An ce in ba mai shi, an kawo ni wurin waɗanda ba nasu ba, yanzu kuma a ce sun ƙare?"

"Ɗan Adam, yaya ka yi cigiyar?"

Nomau ya sosa ragowar gemunsa.

"Raɗa ka yi. Raɗa kuwa ba mai jin ta sai wanda ya kasa kunne ga kayan mutane. Mai kaya yana can abin da ya dame shi ya dame shi."

Nomau ya leƙa kasko. Ruwa a ƙirjin Marka, bakinta na motsi, ko addu'a take ko shi take yi wa faɗa, bai sani ba. Ya miƙe tsaye. Ya buɗe baki, murya ta fito siririya kamar ta ɗan akuya, don bai taɓa amfani da ita a wannan aiki ba. Ya yi gyaran murya, ya sa hannu a kunne kamar ladan, ya kwarara:

"Jama'a, cigiya! Cigiya! Wa ya rasa abu a kufan bakin Zangon Kwakwa? Yana hannun Nomau mijin Marka! Mai shi ya faɗi kama ya karɓa!"

Kifayen sama suka watse. Ƙasa ta yi tsit. Can daga gangare, inda kome ke mirginawa, wata tsohuwar murya ta taso.

"Kai ɗan nan, in kai ne, yi sauri. Kafaɗata ta gaji."

Suka bi gangare. Kowane taku burgame na ƙara nauyi, daga rataye ya koma saɓe, daga saɓe ya koma ja a ƙasa. Sai hancinsa ya ɗauko wani wari da ya sani sarai, warin tsakar gidansa da safe. Hayaƙi.

Suka ɓullo a gindin wata tukunya. Nomau ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi bai ga bakinta ba. Ashe ruwan nan da suke gani a bisa, cikinta yake. A ƙarƙashinta wuta na ci, ga duwatsu biyu kamar tsaunuka sun tallafe ta. A wuri na uku ba dutse, sai wata tsohuwa durƙushe, ta sa kafaɗa ta tokare tukunyar, jikinta na rawa. Duk da haka tukunyar ta jirkice ta gefenta, tana tsiyaya.

Nomau ya durƙusa. "Sannu, Iya." Ya dafa burgame. "Ki gafarce ni, amma ƙa'ida ce. Mene ne launinsa?"

"Launi? Ɗana, wa ke duba launin dutsen murhu? Na dai san gefe ɗaya baƙi ne, don shi ke kallon wuta tun ranar da aka ɗora tukunyar nan. Ga makwancinsa nan kusa da gwiwata. Gwada, in bai zauna ba ka tafi da abinka."

Ya turo shi da ƙyar, ya juya baƙin wajen wuta, ya saka. Dutse ya zauna daram kamar haƙori a dasashi. Sai ya fara girma, ya wuce Nomau, ya wuce tsohuwa, ya karɓi gindin tukunya. Aka ji gurum, irin ƙarar da ya ji ranar farko. Duwatsu da itatuwa da inuwa duk suka miƙe.

Tsohuwa ta zame ta zauna tana matsa kafaɗa. Ta dube shi da ido ɗaya. "Yar da shi na yi, ko haƙa ka yi?"

"Iya, tsakanin biyun ne."

Ta yi dariya har wuta ta yi rawa. Nomau ya samu fuska, ya ce, "Me ake dafawa haka, Iya?"

"Ruwa da gishiri."

"Tun yaushe?"

"Bai dai nuna ba."

"To yaushe zai nuna?"

"Ranar da ya nuna ba sai an yi shela ba. Kawo burgamenka, ba a sallamar mai cigiya hannu wofi." Ta sa ludayi ta kankaro ƙanzon gindin tukunya ta zuba masa. Ya leƙa da sauri. Yashi ne. Yashi zalla. Ya tuna akwatin matuƙi, ya buɗe baki zai yi magana, ƙaguwa ta ture shi ta baya.

Sai ga shi kwance a ƙofar masallacin zango, rana tsaka. Ruwa na ja da baya, amma inda ya ci ƙasa duk ya zama rami. Burgamen ya yage, yashi ya fara zuba. Ya yi ta zuba, ya cike ramuka, ya bi ruwa yana kora, har gaɓa ta koma inda take, ta ma ƙara. Mutane daga tudu suna kallo, masunta suka ce wannan kuma wace irin iska ce ta kawo shi.

Nomau ya ruga gida. Marka na kan turmi, zane sharkaf, tukunyar tuwo a ka, ko ɗigon ruwa bai shiga ciki ba. Ya kama ta ya sauko da ita. Ta dubi rabin gemunsa. Ta matso ta kai hanci wajen rigarsa.

"Malam, hayaƙi kake wari."

"Na sani," ya ce. "Zuba mini tuwon."

Da gari ya natsu ya je ya sami Malama Zulai, ya kai ta ainihin wurin. Suka share yashi a hankali, sai ga ɗan murhu na mutanen da, duwatsu uku, ɗaya kore, ba wanda ya fi kabewa girma. Ta sa bayan hannu a tokar, ta ji zafi, ta janye da sauri. Ta dubi Nomau.

"Baba, mene ne wannan?"

"Malama, ni da na je na dawo ma ban gane ba."

Ta zana shi a takardarta, ta auna, sannan ita da kanta ta mayar da yashi ta rufe.

Nomau bai bar bin gaɓa ba, ai ba a canza wa tsoho gona. Sai dai yanzu in ya yi tsintuwa gari yake fuskanta, ya kwarara cigiya har a ji a kasuwa. A nan ne ya gane cewa kusan duk gidan da ke Zangon Kwakwa akwai kakan da ya taɓa yar da tsakiya a teku, kuma jikokinsa sun san kamarta sarai. Yakan miƙa musu yana ƙunƙuni, ya dawo da burgame ba nauyi. In Marka ta tambaye shi abin da ya samo yau, sai ya nuna mata busasshiyar tsakar gida.